Gemun Lemuel Maƙeri

Lemuel Pruitt maƙeri ne, ni kuwa wanzami, sunana Asbury Quillen. Maƙerarsa tana bakin gada, shagona yana kallon kotu a saman tudu. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi a garin Tolliver na jihar Indiana muna gaisawa da safe, muna zagin jam'iyyun juna da rana, kuma ban taɓa samun aboki kamarsa ba. Tun da ya rasu 'yan jarida biyu sun zo daga birni neman labarin gemunsa. Na ba su, suka koma suka rubuta shirme, ɗayan ma har ya ce gemun yana jan ƙasa. Shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina, tunda bakina ne ya jawo abin.

An haife shi a shekarar 1827 a wani ɗan gidan gungume da ke bayan rafi. Ubansa daga Kentucky ya taso da keken shanu da saniya guda, ya sare daji ya yi gona, sannan wata bishiya ta faɗo masa tun Lemuel yana da shekara goma sha biyu. Abu biyu ya bar wa ɗansa, gatari da jam'iyyar Dimokurat. Gatarin ya ɓace a wata ambaliya, jam'iyyar kuwa da ita aka binne Lemuel. Wajen wani tsoho Bajamushe ya koyi ƙira, mutumin da ba ya yabon kowa, kuma da tsohon ya gaji shi ya bar wa maƙerar. Takalmin doki in Lemuel ne ya buga, ka manta da shi sai kofato ya yi tsawo. Lokacin yaƙin basasa shekara uku ya yi yana bin sojan doki da masaba da awartaki, ya dawo kunnensa na hagu a toshe. Ni ban je ba saboda ƙafata, kuma ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba, duk da irin baƙaƙen maganganun da muke yaɓa wa juna.

Matarsa Drusilla 'yar mai injin niƙa ce, doguwa, mai ɗinki, ba ta da yawan magana amma in ta saki guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Orpha. A lokacin Lemuel kyakkyawa ne, ya kuma san da haka. Sau uku a mako yake zuwa aski, in na gama sai ya juya nan ya juya can a gaban madubi har na bayansa su fara gyaran murya.

Akwai wani sanatan jiharmu a wancan zamani, ɗan jam'iyyarsu, wanda Lemuel ya ɗauki ransa kacokan ya ɗora masa. Ba zan kama sunansa ba, yana cikin littattafan makaranta, kuma ba labarinsa nake bayarwa ba. Lemuel dai Mutuminmu yake ce masa. Abin dariyar shi ne bai taɓa ganinsa da ido ba. Sau ɗaya ya yi tafiyar mil ashirin don ya ji jawabinsa, takalmin dokinsa ya cire a hanya, dokin maƙeri guda, ya isa ana kwashe bencina. Jawaban a jarida yake samu, da yake kuma karatunsa na tafiyar hawainiya ne, Drusilla ke karanta masa a baranda bayan cin abinci. Ita ta fi shi haddace su ma.

Mu a nan in zaɓe ya ƙarato ba a cika yin cacar kuɗi ba, cacar kunya ake yi. Wani ya ce in an kayar da ɗan takararsa zai gangara ƙwayar gyaɗa da hanci daga coci zuwa tasha. Wani ya ce zai yi mako guda da hular matarsa. Wani ya ci alwashin barin aski. A gaban shaidu ake yi, a tafa hannu, shi ke nan ta zauna. Wanda ya karya kuwa hukuncinsa sananne ne: zai ɗauki abokin cacarsa a baro ya tura shi tsakiyar gari da rana tsaka, ana kiɗa ana yi masa ature, sannan ya tsaya a matakalar kotu ya faɗa da bakinsa cewa ya yi magana bai cika ba. Na san mutum biyu da suka gwammace su bar garin.

Wata Asabar a watan Yunin 1868 Lemuel yana kan kujerata, fuska duk kumfa, shago a cike. Jam'iyyarsu tana shirin babban taron fid da ɗan takara, shi kuma ya cika mu da cewa Mutuminmu za a ɗauka. Ni ɗan jam'iyyar Rifablikan ne tun ranar da aka kafa ta, kuma bakina ba ya gajiya. Da yake zakara ne tambarinsu, sai na ce masa mutumin nasu zai shiga fadar shugaban ƙasa ranar da zakaran ya yi ƙwai. Aka kwashe da dariya. Lemuel ya kama hannuna da askar a ciki.

"Asbury, aske ni da kyau, ka kalli fuskar nan ka ƙoshi. Aska ba za ta sake hawa kanta ba sai ranar da Mutuminmu ya zama shugaban ƙasa."

"In ka karya fa, Lem?"

"Baro. Daga gada har kotu, kai a ciki, ƙaton banza."

Alƙali Vandiver yana zaune yana jiran layi, ya ce ya shaida. Muka tafa. Duk wanda ke wurin ya ɗauka abin na 'yan watanni ne, ko ya ci ko ya gaji. Bayan mako biyu waya ta zo tasha cewa jam'iyya ta ɗauki wani daban. Da Lemuel ya koma gida ya gaya wa Drusilla abin da ya ɗaura wa kansa, an ce ajiye masa kwano kawai ta yi, ta ce ya dai lura kada ya riƙa tsoma shi a miya.

Da farko gemun ja ya fito, abin da ya ba kowa mamaki don gashin kansa baƙi ne. A shekara ta uku ya kai ƙirji. Sau biyu tartsatsi ya kama shi, na biyun sai da ya tsoma kai cikin kwamin sanyaya ƙarfe. Daga nan Drusilla ta karɓi aikin. Kullum da safe sai ta taje shi, ta kitse shi jela ɗaya, ta ɗaure bakin da zare, ya cusa cikin walki ya tafi aiki. Ranar Lahadi ake kwance shi, ya baje a kan kwat, ya shiga coci yana tafe kamar wanda ya ɗauko tuta.

Kada wani ya ɗauka zaman baƙin ciki suka yi. Ban san gidan da ya fi nasu kwanciyar hankali ba. Suna da itatuwan tuffa tara a bayan gida, da aladu biyu kowace shekara, da kudan zuma. In kaka ta yi Drusilla takan cika rumfa da kabewa da busasshen tuffa, Lemuel ya yi ta fito a bakin zuga-zugi, waƙa ɗaya tak ya iya kuma ba daidai yake yin ta ba. Bai daina zuwa shagona ba. Duk Asabar yana nan a benci, in rage masa gashin kai, ya duba jaridata kyauta, ya gaya mini yadda jam'iyyata ke kashe ƙasa. Wani lokaci in na zo wajen kunne sai in ɗan kaɗa almakashi kusa da sajensa, ya ce in taɓa in ga ikon Allah.

Mutumin nasu ya zama gwamna, Lemuel ya yi ta yawo bakinsa har kunne, ko da yake ba mai ganin bakin. A 1876 aka tsayar da shi takara, amma a matsayin mataimaki. Zaɓen nan ne da aka yi wata huɗu ana ja-in-ja a kan ƙidaya, su suna cewa an yi musu fashi, mu muna cewa Allah ne ya yi. Wata shida Lemuel bai taka shagona ba, Drusilla ce ta riƙa rage masa gashi da almakashin ɗinki, ya dawo kai kamar an yi kiwon awaki. Bayan shekara huɗu aka sake tsallake Mutuminmu. A tsakanin nan Orpha ta girma ta yi aure ta tafi Kansas, ba ta iya tuna fuskar ubanta ba gemu, don tana da shekara huɗu aka rufe ta. Gemun ya tashi daga ja ya koma ruwan toka.

Sai a 1884 zakara ya yi cara. Jam'iyyarsu ta ci, karo na farko tun kafin yaƙi, Mutuminmu kuma ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Da hantsi Lemuel ya fito da uwar maƙera biyu bakin gada, ya kifa ɗaya kan ɗaya da albarushi a tsakani, ya kai wuta da dogon ƙarfe. Sau goma sha ɗaya ya harba. Gilashin tagar mai sayar da magani ya tsage, kajin unguwa suka yi kwana uku ba ƙwai. Ni da aka kayar da mu na rufe shago na ce zazzaɓi nake yi.

Nan fa gardama ta tashi: mataimaki ya isa a aske gemu ko bai isa ba? Aka yi zama a kantin Hostetter, an kewaye murhu, Alƙali Vandiver a kan buhun wake. 'Yan zakara suka ce ai mutum ya riga ya shiga gidan, saura ɗaki ɗaya. Ni na miƙe na ce aikin mataimaki a ƙasar nan guda biyu ne, ya zauna a kujera yana jin surutun sanatoci ba a ba shi baki, sannan kullum da safe ya aika a tambayo yadda shugaba ya kwana. Na ce ko a cikinsu nan wa zai lissafa mini mataimaka biyar da aka yi a baya? Wani ya kawo uku, ɗaya ma ba daidai ba. Alƙali ya shafa tumbi ya yanke hukunci cewa mataimaki bai kai gemu ba, amma ya kai gashin baki. Lemuel ya ce ya yarda. Washegari na aske masa leɓen sama kawai, ya fita kamar faston wata ɗariƙar manoma masu barin gemu ba gashin baki. Drusilla tana jira a ƙofar shago da kwandon cefane. Ta matso kusa da shi sosai, kusa fiye da yadda mace ke matsowa a titi, ta ce ashe bakin yana nan. Mutane suka yi dariya. Ni dai matsowar ce ta tsaya mini a rai.

Watannin da suka biyo baya 'yan zaman benci suka samu abin wasa. Kowa ya san hanya ɗaya ce mataimaki ke hawa kafin wa'adi. Kullum sai wani ya leƙa maƙera ya ce ya ji an ce shugaban ƙasa yana tari, Lem ya aika a wasa aska. Ƙarya ce suke yi, amma abin yana ci masa rai ƙwarai, don ba mutumin da zai so mutuwar wani ba ne. Har ta kai duk Lahadi in an ba da damar addu'a sai ya miƙe ya roƙa wa shugaban ƙasa lafiya da tsawon rai da ƙarfi, yana harare-harare, don kowa ya shaida.

A wannan shekarar ne karatun jarida ya koma hannunsa. In ka bi ta gidan da yamma sai ka ji shi a baranda yana tuntuɓe da kalmomi, Drusilla tana gyara masa daga ka. Ta daina ɗinki. Ya saya mata tabarau har kala uku wajen masu talla, yana cewa tsufa ne kawai, wani gilashin zai dace. Likita Kessler kuwa ya riga ya gaya mata cewa yanar ido ce ta rufe na hagu, na dama ma ta kama, da wuya ta ga furen tuffa na baɗi. Ta roƙi likita kada ya gaya wa mijinta lokacin.

Ranar jajibirin Bikin Godiya da muke yi bayan girbi, mata suna figar talo-talo, sai ƙararrawar kotu ta fara bugawa ɗaya-ɗaya. Waya ce ta zo cewa mataimakin shugaban ƙasa ya rasu a gidansa, wata takwas da 'yan kwanaki da hawansa. Lemuel ya kashe wutar maƙera, ya rataya baƙin ƙyalle a ƙofa, ya zauna a kan gungume yana kuka kamar ubansa ne ya sake mutuwa. Na je na zauna kusa da shi. Ban yi zolaya ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina, mutum ya yi shekara goma sha bakwai yana jiran wanda bai san da zamansa a duniya ba.

Bayan an yi jana'iza mutane suka fara cewa to ai mutuwa ta warware alwashi. Alƙali Vandiver da kansa ya ce haka ne a doka. Lemuel ya ce shi bai san wannan dokar ba. Ya ce cewa ya yi sai ranar da Mutuminmu ya zama shugaba, ranar ba za ta zo ba, saboda haka da gemun za a sa shi a akwati. Masu yabo suka yaba, aka ce ga namiji mai magana ɗaya. Yabon nan kuwa shi ya ƙara ƙulle shi.

Wata ranar Litinin da safe, lokacin da shago ba kowa, Drusilla ta shigo tana lalube bakin ƙofa da hannu. Ta miƙo mini almakashi wai in wasa mata. Matar maƙeri ce ta kawo wa wanzami wasa almakashi. Na karɓa na ba ta kujera, na yi ta goga shi a dutse ina jira. Can ta gaya mini abin da likita ya ce. Ba ta yi kuka ba, yadda ake faɗin farashin gari ta faɗa.

"Ɗan'uwa Quillen, kai ne na ƙarshe da ya ga fuskar Mista Pruitt. Ba mu taɓa ɗaukar hoto ba. Ina rufe ido in neme ta, sai gemu nake gani. Ka tuna mini yadda take."

Na nemi fuskar a raina. Ni ma ta ɓace mini. Yatsuna ne kawai suka tuna cewa akwai wani ɗan ƙari a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama da nake kauce wa da aska. Shi na gaya mata, ta yi murmushi ta ce ta manta da shi. Na ce me ya hana ta gaya masa, ai in ita ta roƙa zai aske. Ta ce shi ya sa ba za ta roƙa ba. Ta ce mutumin ba shi da gona mai yawa, ba shi da ilimi, maganarsa ce abin da yake taƙama da shi a garin nan, ba ita za ta karɓe masa ba. Ta ɗauki almakashinta ta tafi, ta bar ni da kunya, don ni na tsokano wannan magana saboda in ba 'yan benci dariya.

Ban ci abincin rana ba na gangara maƙera. Na tarar yana bugun ƙarfen keken doki. Da farko ta lallami na bi, na ce tunda da ni aka tafa, na yafe, na janye, ya zo in aske shi ba baro ba komai. Ya ajiye masaba ya dube ni sama da ƙasa.

"Na roƙe ka ne? Sadaka ka zo ba ni a maƙerata?"

Raina ya ɓaci. Na zagaya wajen kunnensa mai ji, don kada ya ce bai ji ba.

"Kai dai jaki ne, Lem, tun kana saurayi. Matarka ba za ta kai Afrilu tana gani ba, Kessler ya gaya mata. Yau ta zo shagona tana tambayata yadda fuskarka take, don ta manta. Ka riƙe gemunka, ka ji daɗin yabon 'yan kanti."

 Ya ɗauki masaba ya ci gaba da bugu, ƙarfen ya huce ya yi baƙi yana ta bugunsa, abin da ko ɗan koyo ba ya yi. Daga baya ya ce in fita masa daga maƙera. Na fita ina ganin na kashe abota kuma na tona asirin da ba nawa ba.

Kwana huɗu ban gan shi ba. Ranar Asabar wajen ƙarfe goma sha ɗaya, gari ya cika da manoma, ina tsakiyar aske wani, sai na ji ƙarar ƙafar baro a kan daskararriyar laka. Lemuel ya tsaya a ƙofa da kwat ɗinsa na coci.

"Ajiye askar nan ka sauko gada. Ba na cin bashin kunya."

Na ce masa ya haukace, shekararsa hamsin da takwas, ni kuma na fi buhun masara biyu nauyi, ga tudu, ga santsi. Na sake cewa na yafe. Ya ce in na ƙara faɗin kalmar nan zai sa ni cikin baron da hannunsa. Na bar mutumin da rabin kumfa na bi shi.

Kafin mu kai gada labari ya zaga. Aka fito da ganga da ƙaho. Na shiga baro, ƙafafuna suna reto, ya tofa yawu a hannu ya ɗaga. Amma ba wanda ya yi ature. Mutane suka jeru gefen hanya shiru kamar ana wucewa da gawa, don zuwa lokacin matata ta riga ta gaya wa mata biyu dalili, mata biyu kuwa sun isa. Na ji numfashinsa a ƙeyata yana fita da ƙyar, na kuma san shirun nan ya fi masa ciwo. Alƙali Vandiver ne ya gane. Ya ɗaga sanda ya ce wane irin gari ne wannan da ba a iya yi wa mai karya alwashi tsiya ba? Sai aka ɓarke. Aka yi ta kiransa zakara mai ƙwai, ana jifansa da dunƙulen ƙanƙara, wani ya ce a kawo jaki ya taimaki ɗan'uwansa. Na ji baron ya ƙara sauri. Sau uku ya tsaya a tudu, sau ɗaya ya kusa juye ni a kwata, kuma na tabbata da gangan ne.

A matakalar kotu ya cire hula, gumi yana tururi a kansa. Ya ce, "Ni Lemuel Pruitt na yi magana a gaban mutane, ban cika ba."  Ya mai da hula ya tsallaka shagona, ya ce in kori kowa in sauke labule.

Da almakashi na fara. Na datse jelar daga tushe na ajiye a kan tebur, ta kai tsawon hannuna. Na jiƙa tawul da ruwan zafi na rufe masa fuska, na wasa askar da na fi so.  Fatar da ke ƙasa fara ce fat, mai laushi kamar ta jariri, ga goshi da hanci baƙi ƙirin da wutar shekaru. Kumatun sun zurma, haɓar ta yi tsini, wuyan ya saki. Ban san wannan mutumin ba. Da na gama na juyo da shi wajen madubi, sai ya runtse ido ya ce ba shi zai fara gani ba. Ya naɗe fuskar da gyalen ulu har hanci, muka fita ta ƙofar baya. Ba a gayyace ni ba, amma na naɗe jelar a jarida na bi shi a kan cewa kayansa na kai masa.

Drusilla tana tsakar gida tana watsa wa kaji masara. Ta ji gangar, ta san abin da ake yi, amma ba ta fito ba. Rana tana tsaka, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ko'ina haske. Ya tsaya a gabanta ya warware gyalen.

"Juya wajen rana," in ji ta. "Sunkuyo."

Ya sunkuyo. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta kawo na dama har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta bi fuskar a hankali daga kunne zuwa kunne.

"Ka tsufa, Lem. Ni duk shekarun nan wani saurayi nake ajiye da shi a ƙarƙashin gemun nan."

"Kin yi asara ke nan."

"Ban ce ba. Tsaya, kada ka motsa, ban gama ba."

Ya tsaya a sunkuye, hannuwa a gwiwa, sanyi yana cin sabuwar fatar har ta yi ja, ita tana ta kallo. Na rataye ƙunshin jaridar a kan shinge na juya. Na yi kuka a hanya, ba na jin kunyar faɗa.

Wata huɗu ta samu tana ganinsa. An ce ko abinci yake ci sai ta jawo kujera kusa da taga ta zaunar da shi. Kafin tuffa ta yi fure idon ya rufe gaba ɗaya. Na ɗauka zai koma barin gemu tunda ba mai gani, amma duk Laraba da Asabar yana kan kujerata kafin in gama share shago. In ya koma gida sai ta shafa fuskar da bayan hannu, in ta ji inda na tsallake ta maido shi, da saƙon cewa wanzamin Rifablikan ba ya gama aiki. Bai bar jam'iyyarsa ba, bai kuma sake cin alwashi a kan kowa ba. Orpha ta zo da 'ya'yanta daga Kansas, ta wuce shi a tasha tana neman mai gemu. Shekara goma sha ɗaya suka ƙara tare, yana karanta mata jarida, tana gyara masa.

A watan Oktoban 1896 ya faɗi a bakin zuga-zugi, kafin a kai shi gida ya cika. A garinmu wanzami ke yi wa mamaci askin ƙarshe, don haka na ɗauki jakata na tafi. Na yi aikin a hankali, ita tana zaune a gefen gado hannuwanta a cinya. Da na ce na gama, ta miƙa hannu ta shafa kumatunsa, ta bi ta haɓa, ta gangara wuya, sai ta tsaya.

"Ɗan'uwa Quillen, ka bar wuri a nan."

Na duba, gaskiyarta ce. Na sake kaɗa sabulu.